Kwaɗo ɗaya, suna uku: ni ina bayan "albatrawat"

Ɗan ƙanena ne ya tayar mini da wannan magana. Yana cikin ɗaliban da yaƙin Sudan ya koro gida a 2023, kuma tun da ya dawo bai yarda Larabcinsa ya zube ba. Duk abin da zai karanta na kimiyyar halittu, sai ya nemo na Larabci ya haɗa da na Turanci. Wata rana bayan La'asar ina zaune a zaure ya shigo riƙe da waya, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baffa, wai mene ne sunan dangin kwaɗi a Larabcin kimiyya? Na duba wuri uku, kowa da abin da ya faɗa." Na karɓi wayar na sa tabarau. A wani bayanin darasi an rubuta adimatuz-zail. A wani ƙamus an ce allazanabiyyat. A wuri na uku kuma albatrawat. Ya ce, "To, Baffa, in aka tambaye ni a jarrabawa wanne zan rubuta?"

Ban ba shi amsa a ranar ba. Na daɗe ina koyar da Larabci, amma tambayar ta kwana da ni, domin na ga ba ta tsaya ga kwaɗo ba. Tambaya ce da Larabawa suka fi shekara ɗari suna jayayya a kanta: da wane harshe za a koya wa yaro kimiyya, wa ke da ikon raɗa wa abu suna, kuma in an raɗa wa zai sa kowa ya bi.

Masana dabbobi sun raba halittun da ke rayuwa tsakanin ruwa da tudu gida uku. Akwai masu wutsiya, waɗanda suka yi kama da ƙadangare sai dai fatarsu kullum a jiƙe take, kuma ba a samunsu a ƙasashenmu na kudu da Sahara. Akwai marasa ƙafa, masu kama da tana. Sai gida mafi girma, na kwaɗi da burduddugi da 'yan'uwansu, wanda jinsunansa sun haura 7,000. Wannan gida na uku sunansa a littattafan duniya Anura. Kalmar daga Girkanci aka ƙera ta: an na nufin babu, oura na nufin wutsiya. Wani Bafaranshe masanin dabbobi, Dumeril, shi ya fito da wannan rabo na masu wutsiya da marasa wutsiya a farkon ƙarni na 19. Ke nan sunan da ɗalibanmu ke haddacewa da ƙyar, suna ganin wani sirri ne na masu ilimi, ma'anarsa kawai "ba wutsiya".

Wannan shi ya sa ban yarda da masu cewa a bar wahala, kowa ya riƙe Anura a wuce wurin ba. Ina jin hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Ɗalibin da zai karanta mujallun bincike ko ya halarci taro a wata ƙasa dole ya san sunan da duniya ta sani. Ban ce a goge shi ba, a rubuta shi gefen na Larabci a kowane shafi. Amma yaro ɗan shekara goma sha uku a Omdurman ko Halab, in aka ce masa Anura, haruffa biyar aka ba shi ya haɗiye. In aka ce masa marasa wutsiya da harshen da yake ji, kafin malami ya juya ga allo ya riga ya gane abin da ya raba wannan gida da na kusa da shi. Rabin darasin yana cikin sunan. Wanda ya ƙera Anura ma abin da ya nufa ke nan, domin masu ilimin zamaninsa suna jin Girkanci.

Kuma Larabci ya riga ya nuna zai iya. Dubi sunan da suka ba babban rukunin gaba ɗaya: albarma'iyyat. Sun ɗauki barru, wato tudu, suka haɗa da ma'u, wato ruwa, suka narkar da su kalma ɗaya. Malaman lugga suna kiran wannan dabara annahtu, sassaƙa, irin yadda aka samo basmala daga Bismillahi. Yau babu ɗan makarantar da zai ji barma'i ya tsaya tambaya, har motar soja mai shiga ruwa ta fito tudu da wannan suna ake kiranta. Kalma ta zauna daram, kamar da ita aka haifi harshen.

Tarihi ma yana bayan wannan ra'ayi. Makarantar likitanci da aka buɗe a Abu Za'abal ta Masar a 1827, wadda daga baya ta koma Ƙasrul Aini, da Larabci ta yi ta koyarwa kusan shekara sittin, ana fassara littattafai ana ƙera kalmomi. Ba gazawar harshe ce ta sa aka sauya ba. Ingila ta mamaye Masar a 1882, bayan 'yan shekaru aka mayar da koyarwa Turanci. A Dimashƙa kuwa tun 1919 ake koyar da likitanci da Larabci, kuma likitocin Siriya sun yi aiki a asibitocin Jamus da Amurka ba wanda ya ce ba su san jikin ɗan Adam ba.

To in haka ne, ina matsalar take? Tana cikin wayar ɗan ƙanena: suna uku ga abu ɗaya.

Na zauna na auna su. Adimatuz-zail shi ya fi fitowa fili, kuma na lura shi ya fi yawo a bayanan darasi. Fassara ce kai tsaye, waɗanda ba su da wutsiya. Aibinsa a wurina kalma biyu ce, bayani ne ba suna ba. Mai rubutun kimiyya yana buƙatar kalmar da zai juya, ya yi mata jam'i da tilo, ya ciro sifa daga cikinta, ya jingina mata wata. Da kalma biyu sai jimla ta yi ta tsawo tana nauyi. Allazanabiyyat kalma ɗaya ce, an manna la ta korewa a gaban zanab, wato wutsiya, kamar yadda aka yi lasilki ga na'urar da ba ta da waya, da allafaƙariyyat ga halittun da ba su da ƙashin baya. Majalisar lugga ta Alƙahira, wato hukumar da ke kula da harshen Larabci a can, ta halatta irin wannan gini a fagen kimiyya, kuma ba na musun amfaninsa. Sai dai wannan Girkanci ne aka sa wa rawani. An kwaikwayi ginin Anura gaɓa da gaɓa, kuma harshe yana yin tuntuɓe wajen faɗarsa. Ga shi kuma zail da zanab duk wutsiya ne, kamar yadda mu ma muke da wutsiya da jela da bindi, don haka wani ya ce lazailiyyat, sai sunayen suka ƙara yawa.

Saura albatrawat, kuma nan na tsaya.

Tushenta ba, ta, ra: yankewa, gutsurewa. Namiji abtar, mace batra'u, sai aka yi jam'in macen da alif da ta, kamar yadda aka samo alkhadrawat, kayan lambu, daga khadra'u, mai launin kore. Duk wanda ya yi nahawu ya san sifa irin wannan ba a yi mata wannan jam'i sai ta tashi daga sifa ta zama suna, kuma ainihin abin da ake so a nan ke nan: a ɗauki sifa a mayar da ita sunan wani gida na dabbobi. Tun asali Larabawa suna cewa abtar ga dabbar da wutsiyarta ta guntule. Ba a aro ta daga kowa ba, ba a manna mata komai ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne babu yaron Musulmi, daga Marrakesh har Kano har Jakarta, da bai taɓa furta wannan tushe ba. Sura mafi gajarta a Alƙur'ani, Alkausar, da shi ta ƙare: inna shani'aka huwal abtar. Malaman tafsiri da dama sun kawo cewa Al'as ɗan Wa'il ne ya jefi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wannan kalma bayan rasuwar ɗansa, yana nufin bayansa ya yanke, sai Allah ya mayar masa da ita. Yaron da ya wanke wannan sura a allo yana ɗan shekara biyar, ranar da ya haɗu da albatrawat a littafin kimiyya ba baƙo ya gani ba.

Da na faɗa wa wani abokina malami wannan ra'ayi a bakin masallaci, sai ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, kalmar da Allah ya siffanta maƙiyin Annabi da ita, ita za ka ba kwaɗo? Kuma kwaɗon da aka hana kashewa?" Na girmama damuwarsa, domin daga tsoron Allah ta fito, kuma gaskiya ne Abu Dawuda ya ruwaito hanin kashe kwaɗo lokacin da wani mai magani ya tambaya ko zai sa shi a magani. Amma na tuna masa hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim a kan macizai, inda aka yi umarni da kashe mai zane biyu a baya da kuma al'abtar, wato mai guntuwar wutsiya. A nan kalmar siffar jiki kawai take bayarwa, a kan dabba, daga bakin mafi fasahar Larabawa. Ma'anar yankewar zuriya ko yankewar albarka aro ce daga wannan ma'ana ta farko. Haka aka kira huɗubar da gwamna Ziyad ya yi wa mutanen Basra albatra'u, saboda bai buɗe ta da godiya ga Allah ba. Kalma ce mai faɗi, kuma ba a taɓa killace ta ga zagi ba.

Akwai wata suka da ta fi wannan ƙarfi, ta masu kimiyya. Suna cewa abtar wanda aka yanke wa ne, wanda yake da wutsiya a da ya rasa ta, alhali Anura cewa ta yi babu, ba ta ce an yanke ba. Saboda haka, a ganinsu, adimatuz-zail ta fi daidai.

A nan ne nake ganin sun ba ni hujja da hannunsu. Ina yaro, bayan gidanmu akwai kududdufi inda aka haƙi ƙasar gini. Da damina ta zauna, ruwan bakin gaɓa sai ya yi baƙi da talibambam, dubbai, kowane kai da wutsiya kawai, suna kaɗawa. Mukan ɗebo su a gwangwanin madara mu ɓoye bayan randa. Na taɓa riƙe wasu a tsohuwar kwatarniya, kullum da safe kafin in tafi makarantar allo sai na leƙa. Ƙafafun baya suka fara ɓullowa, 'yan mitsi-mitsi a gindin wutsiya. Bayan kwanaki na gaba suka fito. Daga nan sai wutsiyar ta fara raguwa. Ba faɗuwa ta yi ba kamar ta ƙadangare, na duba ƙasan kwatarniya ban ga gutsure ko ɗaya ba. Kullum dai tana ƙara gajarta, tana duhu, har ta zama ɗan dungu, har wata safiya na tarar da ɗan kwaɗo kamar ƙwayar gyaɗa ya ɗare gefen kwatarniya yana kallona, ba komai a bayansa.

Sai da na girma na san abin da na gani. Jikin ne ke shanye wutsiyar. Akwai wani ruwa da ƙullutun wuya ke fitarwa, wannan ƙullutun da in ya kumbura a jikin mutum muke cewa maƙoƙo, shi ke ba ƙwayoyin wutsiyar umarnin su mutu a tsare, jiki ya kwashe abin da ke cikinsu. A 'yan kwanakin nan bakin dabbar da hanjinta suna sake tsari, ba ta cin abinci, wutsiyar ce guzurinta. Tun 1912 wani mai bincike, Gudernatsch, ya ciyar da talibambam naman wannan ƙullutu na doki, ya ga sun rikiɗe kafin lokacinsu, sun zama kwaɗi 'yan ƙanana. Ko a babban kwaɗo, in aka duba ƙashinsa, akwai wani dogon ƙashi siriri a ƙugu wanda gaɓoɓin ƙarshen gadon baya ne suka haɗe wuri ɗaya.

Ashe kwaɗo ba wanda bai taɓa yin wutsiya ba ne. Ya yi ta, ya yi iyo da ita, ya rabu da ita. Larabawa da kansu suna kiran talibambam abu zunaiba, mai 'yar wutsiya, ban da sunansa na shurguf. Daga abu zunaiba zuwa abtar, rayuwar dabbar ce gaba ɗaya a kalma biyu. Malamin da ke da wannan a hannu, me zai nema kuma? A wannan gaɓa albatrawat ta fi Anura ɗin kanta faɗin gaskiya.

Na san ba sunan da ya tsira daga kuskure. Mutum ba shi da wutsiya, manyan birai irin su gorila ma haka, kuma ba wanda ya sa su a gidan kwaɗi. A Amurka ta Arewa akwai wani kwaɗo na ƙoramun duwatsu da namijinsa ke da wani abu a baya kamar wutsiya, alhali gaɓar barbara ce. Sannan Larabawa suna kiran tsohon birnin nan na dutse da ke Jodan Albatra'u, wanda sunansa daga Girkanci ya zo, don haka ɗalibin da ya nemi kalmar a intanet zai fara cin karo da hotunan masu yawon buɗe ido. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba ɗaya da ya isa ya kayar da kalmar. Suna alama ce da aka yi ittifaƙi a kanta. Sayyara a Suratu Yusuf ayari ce, waɗanda suka zo suka tsamo Annabi Yusuf daga rijiya, yau kuwa mota ce. Ƙiɗar jerin raƙuma ne da aka ɗaure ɗaya bayan ɗaya, yau jirgin ƙasa ne. Hatif murya ce da ake ji ba a ganin mai ita, yau tarho ne. Ba wanda ya rikice, domin kowa ya karɓa.

Kowa ya karɓa. Wannan ne abin da ya gagara a kan kwaɗo, kuma wannan ne yake ɓata mini rai.

Ba rashin masu aiki ba ne. Majalisar lugga ta Dimashƙa ta kafu a 1919 ƙarƙashin Muhammad Kurd Ali, ta Alƙahira a 1932, ta Bagadaza a 1947, ta Amman a 1976. A 1961 aka buɗe ofishi a Rabat wanda aikinsa kawai daidaita kalmomin da ake mayarwa Larabci, kuma ya fitar da jerin ƙamusai da aka kira haɗaɗɗu, har da na kimiyyar halittu. Akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu a wannan hidima. Amin Ma'aluf, likita ɗan Lebanon, ya fitar da ƙamus ɗin dabbobi a 1932, yana bin kowane suna cikin tsofaffin littattafai da bakin makiyaya don ya tabbatar wace dabba ake nufi. Mustafa Shihabi ya yi irin wannan aiki a kan tsirrai da noma, ya shugabanci majalisar Dimashƙa har rasuwarsa a 1968. Gabaninsu da ƙarnoni akwai Jahiz na Basra da littafinsa na dabbobi, da Damiri na Masar da nasa. Harshen da ke da wannan gado ba ya rasa sunan kwaɗo.

Abin da ya rasa shi ne hannun da zai ɗauki shawarar majalisa ya kai ta cikin aji. Majalisa tana yanke hukunci, amma ba ita ke buga littafin makaranta ba. Kowace ƙasa da ma'aikatar iliminta, kowace ma'aikata da kwamitin manhajarta, kowane kwamiti da mafassarin da ya saba da shi. Na gabas daga Turanci yake fassarawa, na ƙasashen Magrib, irin su Maroko, daga Faransanci. Kowa yana ganin in ya karɓi kalmar maƙwabci ya ƙasƙantar da kansa. Shi ya sa wayar hannu ɗaya take jawwal a Saudiyya, mahmul a Masar, khalawi a Sham, naƙƙal a wasu wurare. A kasuwa wannan ba komai ba ne, har ma armashi ne. A kimiyya kuwa asara ce, domin ɗalibin da ya ƙetare iyaka sai ya sake koyon abin da ya riga ya sani, kuma mai neman bincike da kalma ɗaya ba zai ga abin da aka rubuta da ɗayar ba. Daga nan masu son a watsar da Larabci gaba ɗaya suke samun abin faɗa. Maroko a 2019 ta zartar da dokar da ta buɗe hanyar mayar da koyar da darussan kimiyya a makarantu zuwa Faransanci. Dalilanta suna da yawa, babbansu shi ne yaro yana gama sakandare da Larabci ya tarar jami'a da Faransanci take koyarwa, amma duk rarrabuwar kalma tana ƙara wa irin wannan mataki ƙarfi.

Kuma abin ya shafe mu kai tsaye. 'Ya'yanmu da yawa Larabci ne harshen karatunsu na farko, kafin Turanci ko Faransanci, wasu kuma suna tafiya Khartum da Alƙahira da Madina. Yaron tsangaya ko na Islamiyya da yake jin Larabci amma Turanci bai zauna masa ba, littafin kimiyya na Larabci shi ne ƙofar da ta fi kusa da shi. In ya tura ƙofar ya tarar masu gidan ba su shirya a kan sunan kwaɗo ba, me zai ɗauka?

Abin da nake so a yi ba mai wuya ba ne. Ƙungiyar majalisun lugga, wadda ta wanzu tun 1971, ta zaɓi suna ɗaya ga kowane gida na dabbobi, ma'aikatun ilimi su sa hannu cewa ba za a buga littafin makaranta da wani ba, a riƙa rubuta sunan da duniya ta sani a gefe. In suka zaɓi adimatuz-zail zan koyar da ita ba tare da gunaguni ba, domin suna ɗaya da ban fi so ba ya fi mini uku da ke ruɗa ɗalibina. Amma in aka tambaye ni, albatrawat zan ce.

Bayan kwana biyu ɗan ƙanena ya dawo zaure. An yi ruwa da daddare, kwaɗi sun kwana suna kuka a kwatar bayan gida. Na ce masa a jarrabawa ya rubuta sunan da ke cikin littafin malaminsa, ya sa Anura a gefe don kada mai duba takarda ya yi shakka. Sannan na ce ya ɗauko littafin rubutunsa, ya rubuta abu zunaiba a layin sama, albatrawat a ƙarƙashinsa. Ya rubuta, ya dubi layukan biyu, leɓensa na motsi, na ji yana karanta ƙarshen Alkausar a hankali. Ya ɗago ya ce, "Baffa, akwai tsohuwar roba a gidan nan? Ina so in ɗebo su in ga yadda wutsiyar ke tafiya." Na ce ya tambayi gwaggonsa a ciki.